Hular Bakura Ta Je Indiya

Tun da na dawo ba na iya zama a majalisarmu ta bakin shagon tela a unguwar Gomari, nan Maiduguri, ba tare da wani ya ce, "Modu, wai me ka gano a Indiya?" Wasu labarin rawa da waƙa suke so, wasu kuma so suke su ji ko na koyo ɓacewa. Emeka mai kemis har hannuwana yake dubawa wai ko na zo da zoben tsafi. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Amma wanda yake jiran ya ji na dawo da cikakkiyar fahimta, ya yi haƙuri tun yanzu. Da ruɗu na tafi, kuma ban baro shi duka a can ba.

Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti. Tun da rikicin nan ya cika mana gari da 'yan gudun hijira, aikina ya koma sauraron mutanen da ba zazzaɓi ke damunsu ba, irin waɗanda barci ya ƙaurace wa, ko faɗuwar murfin tukunya ta sa jikinsu ɓari. Wata ƙungiya da ke taimaka mana ce ta zaɓi mu biyu zuwa kwas na mako uku, ni da Sista Ngozi, wadda a Maiduguri aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa fita. Takardar ta ce za a koya mana yadda ake haɗa hikimar addinin Hindu da ilimin halayyar ɗan Adam don samar wa mutane kwanciyar hankali. Na karanta sau uku, sannan na kai wa limamin unguwarmu. Ya ce in je in ɗebo abin da yake magani, in bar musu abin da yake bauta. Na ce ta yaya zan bambance? Ya ce in na je zan gani.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, Ya Falmata ta kira ni ɗakinta. Yayata ce, ita ta goya ni, kuma a gidana take tun da suka gudo daga Bama. Ranar gudun nan ɗanta Bakura, saurayi ɗan shekara goma sha tara, ya koma ya kwance awaki kada su mutu a ɗaure. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya sake ganinsa. Ko 'yan bindigar nan da muke kira yaran daji ne suka tafi da shi, ko kamen sojoji ne ya rutsa da shi, ko yana ƙasa, ba mu sani ba. 'Yan'uwa sun ce a yi masa addu'a a haƙura, ta ce ba a yi wa mai rai zaman makoki. Ita da duk Bama aka san ta da ɗinkin hula, tun ranar ba ta sake riƙe allura ba, kuma ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Ta kwance wani ɗankwali mai ƙanshin turaren wuta. A ciki akwai hular da take ɗinka masa lokacin da abin ya faru. An gama saman, an gama gefen, saura a haɗe. Ta bar yadin da ɗan saura saboda a ganinta kansa bai gama girma ba, sai ta auna kafin ta rufe. Allurar na nan soke inda ta tsaya, da zarenta.

"Modu, an ce mutanen Indiya suna ganin abin da yake ɓoye," in ji ta.

"Ya Falmata, a fim ne wannan."

"Fim ɗin ma ai daga wani abu suka samo shi. Ka nuna wa babban cikinsu. Zufar hannunsa tana jiki, ya sha ɗauka yana gwadawa a kansa. Abu ɗaya nake so in sani, yana raye ko ba ya raye."

Na san duba haramun ne, na san kuma ƙarya ne. Amma na dubi idonta, bakina ya ce, "To." Na sa hular a ƙaramar jakata ta hannu don kada ta ɓata.

Da sassafe muka bi layin motoci a bakin gari muna jiran sojoji su buɗe hanyar Damaturu. Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ba sai na yi masa dogon bayani ba. A sauka, a ɗaga hannu, a taka da ƙafa a wuce shinge, a sake hawa. A tsakanin shinge da shinge kuwa direba yana taka mota kamar an biyo shi, kowa ya yi shiru, Sista Ngozi na jan nata carbin, ina jan nawa. A wani shingen soja ya buɗe jakata ya ga takardar kwas ɗin, ya tambaye ni me zan je koyowa. Na ce kwanciyar hankali. Ya dube ni, ya dubi ƙonannun gidajen da ke bayansa, ya ce in na samo in rage masa.

A filin jirgin Kano aka fara yi mini ɓarna. Jakata ta shiga na'ura, aka tsayar da ita. Wata ma'aikaciya ta lalubo ɗankwalin, ta zare allurar daga jikin hular, ta ce ba a shiga jirgi da wannan. Na roƙe ta, na ce allurar tana da tarihi. Ta ce duk abin da ke cikin kwandon nan yana da tarihi, ta jefa ta cikin almakasai da reza na mutane. Ban ko bar ƙasar ba na riga na zubar da wani abu daga amanar da aka ba ni.

Mun sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka Delhi da hantsi. Jami'in da ya karɓi fasfona ya ga inda aka haife ni, ya ɗago ya kalle ni, ya kira wani, suka yi ta magana da yarensu ina jin sunan garinmu yana fitowa a karkace. Daga ƙarshe ya tambaye ni ko a can nake zaune har yanzu. Na ce eh. Ya girgiza kai gefe da gefe. Na ɗauka an hana ni shiga ne, har na fara haɗa takarduna, sai Sista Ngozi ta zungure ni ta ce ai ya buga hatimi. Ashe a can girgiza kai irin wannan yarda ce. Har na baro ƙasar ban daina tsorata da ita ba.

Daga Delhi mota ta yi kusan wuni da mu zuwa wani gari a gindin duwatsu, bakin babban kogin da suke girmamawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai a hanya shi ne shanu. Ga su kwance a tsakiyar titi, ba makiyayi, ba igiya, motoci na kauce musu. Na ce wa Sista da a Maiduguri ne da kafin azahar an kai su kasuwar shanu. Ta ce in rufe bakina kada direba ya ji Hausa.

Masaukinmu wani gida ne mai tsakar gida babba, rabi makaranta rabi wurin ibada. A bakin ƙofa aka rataya mana furanni a wuya, wata yarinya ta nufo goshina da jan abu a yatsa. Na ja da baya har na taka ƙafar Sista. Ban sani ba ko wannan yana cikin magani ne ko cikin bauta, kuma liman bai ba ni lambar da zan kira ba. Dakta Lalita, likitar ƙwaƙwalwa da ke shugabantar kwas ɗin, mace mai furfura da fara'a, ta ce ba komai, gaisuwa ce kawai, wanda ba ya so a bar shi. Ita ce kuma ta sa aka cire wani ɗan gunki mai kan giwa daga ɗakina, ta nuna mini alƙibla da wayarta.

Abinci kuwa, kwana uku na farko na ɗauka ana jiran naman ne ya nuna. Shinkafa, wake iri-iri da aka dama kamar kunu, ganye, da wata gurasa marar kauri. Ba nama, ba kifi, ko ƙwai babu. Mutumin da ya tashi da burabisko da bandar kifin Baga, a ce ya rayu a kan wannan. Sai dai na zo da kilishi a ƙasan akwati. Rana ta huɗu na hau saman bene na buɗe, ban kai loma ta biyu ba wani biri ya diro ya fizge takardar kilishin gaba ɗaya. Ya je tsakiyar tsakar gida, gaban ɗalibai da malamai, ya shinshina ya watsar. Kowa ya tsaya yana kallon nama a gidan da aka ce tun da aka gina shi nama bai shiga ba. Sista Ngozi ta ɗaga kai ta ce da Hausa, "Malam Modu, sauko ka kwashe kayanka, ko birinsu ma ya fi ka bin doka."

Karatun kashi biyu ne. Da safe wani tsoho siriri da suke kira Guruji yana bayani da yarensu, Dakta na fassarawa. Da rana ita kuma ta kawo abin da likitoci suka sani, ta nuna inda suka haɗu. Tsohon ya ce kai ba tunaninka ba ne, kai ne mai kallon tunanin yana wucewa. Na ɗaga hannu na ce to wa yake kallon mai kallon? Ya yi dariya ya ce na kama hanya. Ni kuwa ban ga hanyar da na kama ba. Ya ce mutum yana da iko a kan aikinsa amma ba shi da iko a kan abin da aikin zai haifar, kuma yawancin wahalar zuciya daga riƙe abin da ba a hannunka yake ba ne. Wannan na ce ai tawakkali ne, mun san shi. Da ya zo kan cewa rai yana barin jiki ya shiga wani jikin, na ajiye biro na ce wannan nasu ne. Haka na yi ta yi, ina ɗauka ina ajiyewa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma sau da yawa ban tabbata wanne na zubar ba.

Ranar da abin ya ƙwace mini ita ce ranar da aka ce mu kwanta. Mu talatin, a jere a ƙasa, a miƙe, tafin hannu sama, ido rufe, ba motsi. Dakta ta ce sunan wannan kwanciya a yarensu kwanciyar gawa, kuma babu abin da ya fi ta huce gajiya. Na buɗe ido ɗaya na ga ƙafafu a jere. Na taɓa ganin irin wannan jerin a barandar asibiti, ranar da abu ya tashi a kasuwa, kuma ni ne na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufewa. Ban san lokacin da na miƙe na fita ba. A waje na tarar da Sista Ngozi ta riga ni, tana zaune a kan matakala tana haki.

Kwana biyu bayan haka muna cin abincin rana sai muka ji tatatata daga titi, sannan wata ƙara mai nauyi. Kafin ƙarar ta mutu ni da Sista muna ƙarƙashin tebur, na ja wani Bature ɗan kwas ɗinmu da ƙafa ina ce masa ya kwanta. Ashe 'yan rakiyar ango ne ke wasan wuta. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ba ni kunya.

Da yamma Dakta Lalita ta zo ta same mu da littafinta. Ta ce shekara da shekaru tana koya wa mutane cewa shiru da rufe ido su ne ƙofar natsuwa.

"Dakta, a garinmu in wuri ya yi shiru, tambaya ake yi me ya faru," in ji Sista. "Matar da ta kwana uku a daji tana toshe bakin jaririnta, ki ce ta rufe ido ta kwanta kamar gawa?"

Dakta ta daɗe tana rubutu. Daga ranar ta ce mu riƙa yin numfashin a zaune, ido buɗe, baya a jingine da bango, muna ganin ƙofa. Haka kuwa ya yi mini amfani, ban ɓoye ba. Sai dai na rasa gane ko mu muka zo koyo ko ita.

Duk wannan lokaci hular tana jakata, kwanaki na ƙarewa. Wata ranar hutu na ɗauke ta muka gangara bakin kogi da Sista, inda masu duba suke zaune a jere ƙarƙashin laima. Na yi istigfari, na zauna gaban wani mai dogon gemu da ke jin Turanci kaɗan. Ya karɓi hular, ya rufe ido, ya jujjuya ta, ya ce mai wannan hula dattijo ne mai yawan dukiya, kuma yana kewata. Na karɓe kayana na tashi. A hanya Sista ta ce, "Ka ce wa yayarka kawai an duba yana raye. Me zai rage ka da shi? Ko barci ta samu." Ni ma tun a jirgi nake wannan tunanin. Amma na san Ya Falmata. In na ce yana raye, za ta zauna fuskantar ƙofa har ta mutu. In na ce ya rasu, na kashe mata ɗa da bakina ba tare da na sani ba.

Ana jibi za mu taho na roƙi Dakta ta raka ni wurin tsohon. Na ba shi labarin duka, har da allurar. Ya karɓi hular da hannu biyu, ya kai ta kusa da idonsa, ya bi ɗinkin da yatsa a hankali har ya iso inda zaren ya tsaya yana lilo.

"Ban san inda yaron yake ba," in ji shi ta bakin Dakta. "Duk wanda ya ce maka ya sani daga wannan, ƙarya yake yi. Abin da na gani shi ne wadda ta yi wannan aiki ba ta yi gaggawa ko a ɗinki ɗaya ba. Tana ɗinki har yanzu?"

Na ce a'a.

"Dawowarsa ba a hannunta take ba. Hular ce a hannunta."

Na ce, "Baba, wannan ai liman ɗinmu ma zai iya gaya mini, ba sai na hau jirgi biyu ba." Da Dakta ta fassara, ya yi dariya har da tari, ya ce lallai limaminmu mutumin kirki ne.

Da muka fito Dakta ta ƙara da nata. Ta ce rashin da babu gawa ciwo ne daban, kuma kuskuren da dangi suke yi shi ne tilasta wa mutum ya zaɓi ɗaya, ko ya mutu ko yana raye. Ta ce zuciya tana iya ɗaukar biyun tare, ta ci gaba da rayuwa. Na ce to in na je me zan ce mata? Ta girgiza kai irin nasu, ban san ko eh ba ne ko a'a.

Mun shigo Maiduguri dab da za a rufe hanya. Yara suka yi ta lale, matata ta ajiye mini burabisko da miyar da ta ji nama, amma na kasa ci sai na ga Ya Falmata. Na same ta a kan tabarma inda na bar ta.

"Wushe, Modu. Ka sha hanya."

Na durƙusa na ajiye ɗankwalin a gabanta. Duk jawabin da na shirya a jirgi ya gudu.

"Ya Falmata, na nuna wa babbansu. Ya ce bai sani ba. Ya ce ba wanda ya sani sai Allah."

Ta kwance ɗankwalin, ta juya hular, ta sake juyawa.

"Ina allurata?"

Na gaya mata gaskiya, cewa tun a Kano aka karɓe. Na jira faɗa, ban samu ba. Ta ce, "Shekara huɗu tana wurin nan," ta shafa ramin da allurar ta bari. Sannan ta tambaye ni ko tsohon bai ce komai ba bayan wannan. Na ce ya ce mai ɗinkin ba ta yi gaggawa ko sau ɗaya ba, kuma ya tambaya ko tana ɗinki har yanzu. Ta juya fuska bango, na tashi na fita. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, na ga na je har Indiya na dawo mata da ƙasa da abin da ta ba ni.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Rana ta huɗu na dawo daga aiki matata ta tare ni a zaure, ta ce Ya Falmata ta yafa mayafi da hantsi ta hau keke mai ƙafa uku ita kaɗai zuwa Kasuwar Litinin. An ce a aika a sayo mata abin da take so, ta ce ba wanda ya san irin allurar sai ita.

Na shiga na same ta a bakin ƙofar ɗakinta inda haske yake, da sabuwar allura a hannu.

"Zo nan. Cire hularka."

Na durƙusa. Ta zagaya kaina da zare, ta danne da farce inda ya haɗu, kamar yadda take yi mini ina yaro.

"Kan Bakura naka ya ɗauko," in ji ta. "In ya girma, nan zai tsaya."

A mako guda ta haɗe ta, aka kai wanki aka buga. Ranar Juma'a ta miƙo mini da kanta.

"Aro na ba ka, ba kyauta ba. In ya dawo, ka cire daga kanka ka ba shi." Ta tsaya tana gyara bakin hular da yatsa, sannan ta faɗi abin da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. "In kuma bai dawo ba, kada ka bari ta yi datti."

Ita ce hular nan da kuke gani a kaina kuna tambaya ko a Indiya na sayo.